Kwana Huɗu Ina Neman Sunan Ciwona

Litinin: Tsafe zuwa Gusau

Ƙarfe shida saura kwata na asubar Litinin na fito daga gidana a Tsafe, da 'yar jakar kaya a kafaɗa, da wata ƙaramar roba mai murfi da aka naɗe cikin leda uku a hannuna. Gari bai waye ba tukuna, ruwan da aka yi jiya ya kwanta a lungu. Matata Balkisu ta rako ni har bakin titi tana haska mini hanya da fitilar waya, ba ta juya ba sai da ta ga na hau bayan ɗan kabu-kabu. Na san abin da take tsoro. Sau biyu a baya ina shirya wannan tafiya, in na kai zaure sai in koma ɗaki in kwanta.

Sunana Lawali. Malamin dabbobi ne ni, shekara ashirin da biyu ina yi wa shanu da tumaki allura a ƙauyukan Tsafe. Amma wata bakwai kafin wannan rana ban taɓa sirinji ba, abokan aikina ne ke rufa mini asiri. Ba wanda ya mutu mini. Ba a ɗauke kowa nawa ba, a ƙasar da kusan kowane gida yake da labarin da zai bayar. Albashina yana zuwa, 'ya'yana biyar lafiya lau. Haka kawai, tun ƙarshen sanyi, wani nauyi ya sauko ya zauna mini a ƙirji. Barci ya gudu, abinci ya koma kamar dusa a bakina, in an yi sallama sai gabana ya faɗi. Cikina kuma ya rikice: yau kumburi, gobe gudawa, jibi shiru. Na sha kafso daga kemis har na daina lissafi. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce mini, cikin tausayi kuwa, rashin godiyar Allah ne. Wannan ita ce ta fi shiga raina, domin na yarda da ita.

Wanda ya fitar da ni daga ɗaki shi ne Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Shekara tara muna maƙwabtaka a Tsafe, katanga ɗaya ta raba mu, kafin aiki ya mai da shi Gusau. Ya yi ta kirana ban ɗauka ba, sai ya koma kiran Balkisu. Saƙonsa gajere ne: in kawo bayan gidana na safe ya duba, tunda ciki ne yake damuna. Wannan na amince da shi. Ciwon ciki ba abin kunya ba ne.

A tasha na tarar da motoci sun cika amma ba wadda ta motsa. Direbobi ba sa tashi sai motar farko ta iso daga Gusau sun ji cewa hanya lafiya. Ta iso ƙarfe bakwai, mu kuma muka ɗaga bakwai da minti goma, mu shida a ƙaramar mota, huɗu a baya biyu a gaba, kowa naira dubu biyu. Ni da wani ɗan kasuwa mai ƙiba muka raba kujerar gaba.

Direban mai surutu ne. Muna fita gari ya dube ni ya ce, "Malam, Gusau ɗin kasuwa ko zumunci?"

Ban yi tunani ba na ce, "Awon ciki za ni."

Wata tsohuwa daga baya ta yi caraf ta ce, "Allah shi raba lahiya! Wata nawa?"

Motar ta ɗauki dariya, har direba yana dukan sitiyari. Ni kaina na ji leɓena ya motsa kaɗan, abin da na manta yadda ake yi.

Shingen bincike biyar muka wuce. A huɗu hannu kawai aka ɗaga mana. A na kusa da Tazame wani soja ya leƙo, idonsa ya sauka kan ledar da na riƙe kamar ƙwai, ya tambayi me ke ciki. Na gaya masa gaskiya. Ya ja da baya taku biyu ya ce direba ya wuce. Daga nan har Gusau ɗan kasuwan nan yana manne da ƙofa, ni kuma na sami wurin zama mai faɗi.

Gero ya fid da kai a gonakin gefen hanya, dawa ta yi tsawon mutum. Dutsen Kwatarkwashi ya yi kore shar daga gindinsa. Duk shekara in na wuce nan da damina sai na ce masha Allah. Ranar kuwa na dube shi kamar hoton jikin kalanda, ban ji komai ba. Takwas da minti ashirin da biyar muka shiga Gusau, tafiyar kilomita kusan hamsin.

Gusau, wurin Yohanna

Yohanna yana aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Da ya gan ni ya tsaya cak, na ga idonsa ya bi rigata da ta yi mini yawa, amma bai ce na rame ba. Ya rungume ni ya ce, "Malam Lawali, sannu da hanya. Ina tsarabata?" Na miƙa masa ledar. Ya ɗebi jinina kuma, ya ajiye ni a benci da kofin shayi, ya shige ciki.

Wajen sha ɗaya da rabi ya kira ni. Ba tsutsa, ba taifod, ba maleriya. Akwai gwaji ɗaya da sai bayan kwana uku, amma ya ce ba ya zaton za a sami wani abu. Raina ya ɓaci. Na zo ne a nuna mini abin da zan kashe in huta.

Ya ce in sa ido a madubin awonsa. Na ga wasu ƙananan abubuwa birjik, wasu kamar sanduna, wasu kamar ƙwayar gero.

Na ce, "To ga cutar nan fal, ka ce babu?"

Ya ce, "Ba duka ne cuta ba. Mafi yawansu 'yan gida ne, tare muke rayuwa, su ke taya hanji aiki. Kafso nawa ka sha cikin watannin nan?"

Na ce kusan duk mako biyu sai na sayi wani. Ya kama kai. Ya ce irin wannan magani ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gida, duka yake sharewa. Sannan ya ciro wayarsa ya ce akwai abin da yake karantawa kwanakin nan. Masu bincike a ƙasar Japan sun karɓi irin abin da na kawo cikin leda daga mutane kashi biyu, masu ciwon damuwa da waɗanda ba su da shi. Da suka duba sai suka ga bambanci: wasu ƙwayoyi masu amfani sun yi ƙaranci a hanjin da yawa daga cikin masu ciwon. Ya ce ashe hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo.

Na ce, "Japan? Masu ƙera mota da babur?"

"Su fa. Wutarsu ba ta ɗaukewa, ba mai tare musu hanya, abinci ga shi nan. Amma a cikinsu akwai masu kwana su tashi da abin nan da ke zaune a ƙirjinka."

"Wa ya ce maka akwai abu a ƙirjina?"

"Shekara tara ina jin dariyarka ta kan katanga, Malam. Yau tun safe ban ji ta ba." Sannan ya ce ya riga ya karɓar mini kati a babban asibiti, gobe Talata likitar ƙwaƙwalwa tana zama.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ashe mahaukaci ka mai da ni. Da ka faɗa tun a waya da ban ɓata kuɗin mota ba." Na ɗauki jakata na fice. A bakin titi na tsai da mai keke napep na ce ya kai ni tashar Tsafe. Ina sa ƙafa ɗaya ciki sai ga Yohanna da farar rigarsa ta aiki, yana haki.

Ya ce, "Ba zan hana ka tafiya ba. Tambaya ɗaya ce, ta aikinka. Sa ne aka yi ta ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Zazzaɓin ya tafi, amma ya daina tuƙa, ya sunkuyar da kai, ya ware daga garke. Me ya same shi?"

Bakina ya riga ni. Na ce an kashe masa tumbi ke nan. Na ce abin da ke narkar masa da ciyawa ne ya mutu, ko ka zuba masa harawa mai kyau ba zai kalle ta ba. Na ce wani tsohon Bafulatani ne ya fara nuna mini maganinsa a ruga: a ciro tuƙa daga bakin lafiyayyar saniya a sa wa maras lafiyar, a yi haƙuri kwana biyu uku. Na yi ta bayani da ƙafa ɗaya cikin keke, maganar da ta fi duk wadda na yi a wata bakwai tsawo.

Yohanna ya bari sai da na gama. Ya ce, "To ka taɓa tsayawa kan san nan ka ce masa ba shi da godiyar Allah?"



Ya ƙara da cewa, "Ni ba likita ba ne, kai kuma ba sa ba ne. Ban ce cikinka ne ya jawo maka wannan ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, ciwon da ake nemansa har cikin hanjin mutum da madubi, ciwo ne kamar kowane. Ka zo a duba ka."

Mai keke ya ce, "Malam, za ka ko ba za ka ba?" Na sauke ƙafata na ba shi haƙuri.

A gidan Yohanna na sauka, a Sabon Gari. Matarsa Rahila ta gyara mini ɗakin babban ɗansu da ke makaranta, na tarar an ajiye buta da sabuwar darduma, har an yi alamar gabas da alli a bango. Ta yi faten acca da yakuwa da gyaɗa, irin na garinsu. Cokali biyar na iya ci. Ba ta matsa mini ba, ta ce kawai, "Gobe za ka yi shida."

Talata: asibiti

Bakwai da rabi muka isa, Yohanna ya kai ni a kan babur ɗinsa. Ni ne na sha huɗu a layi. Na zo da tunanin zan ga mutane ɗaure da mari suna ihu. Abin da na gani shi ne wata mata da jakar malaman makaranta tana duba littattafan ɗalibai, da wani dattijo da carbi, da wani ma'aikaci da ke ta duba agogo kada ya makara ofis. Da a tasha na gamu da su ba abin da zan gane.

Sha ɗaya saura aka kira ni. Likitar ba za ta wuce shekara arba'in ba, mai magana a hankali. Ta tambayi barcina, da cin abincina, da yaushe rabon da wani abu ya faranta mini rai. Tana tambaya kamar wadda ta taɓa leƙa ɗakina. Sannan ta ajiye biro ta dube ni.

"Malam Lawali, ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?"

Ko Balkisu ban taɓa gaya wa ba. Na ce ban taɓa nufin yi wa kaina wani abu ba, ina tsoron Allah. Amma sau da yawa in na kwanta nakan yi fatan kada in farka. Ina faɗa hawaye suka zubo, ni da furfura a gemu. Ba ta kau da kai ba, ba ta kuma yi salati kamar na faɗi abin kunya ba. Ta ce ta gode da na faɗa, ta ce wannan ma daga cikin ciwon yake, kuma yana tafiya in ciwon ya tafi. Ta sa na yi mata alkawari in tunanin ya yi ƙarfi zan gaya wa matata a ranar, mu taho ba sai ranar Talata ba.

Ta ce sunan abin da ke damuna ciwon damuwa, kuma ana warkewa.

Da na natsu na kawo mata zancen Japan. Ta yi murmushi ta ce ta san irin binciken, abu ne mai ban sha'awa, amma kada in yi gaggawa. An ga alaƙa tsakanin ƙwayoyin hanji da damuwa, sai dai ba a gama sanin wane ne ke jan wani ba. Ko hanjin ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuwa mai damuwa ne ke daina cin abinci sai hanjinsa ya canza, ko duka biyun. Kuma cimar mutanen can ba irin tamu ba ce, abin da aka gani a cikinsu ba lalle a gan shi daidai a cikin Bazamfare ba.

Ta ce, "Kada ka koma gida ka ce nono zai warkar da kai. Ga maganinka, ƙwaya ɗaya kullum da safe, kuma sai ka yi makonni kafin ka ji bambanci, kada ka yanke ƙauna ka bari. Amma kafson kemis, daga yau ka rabu da shi sai likita ya rubuta. Ka ci wake, da zogale, da nono mai tsabta, duk abin da ya samu na ganye. Ka taka ƙafa kullum ko na minti ashirin ne. Ko ba su taɓa damuwar ba, cikinka zai gode maka."

Na tambaye ta batun addu'a. Ta ce, "Kada ka bari. Mai hawan jini ma yana addu'a yana shan maganinsa."

Tambayarta ta ƙarshe ita ce ko akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a danginmu. Na ce babu. Sai kuma na ce ban sani ba, domin ina da shekara goma sha uku mahaifina ya rasu, mahaifiyata ma ta bi shi tuntuni. Ta ce in akwai wanda zan tambaya in tambaya, zai taimaka mata. Mutum ɗaya ce ta rage, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hassi, a Bungudu. Rabona da ita shekara biyu.

Laraba: Bungudu

Tara da rabi na hau mota a hanyar Sakkwato, naira ɗari takwas. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita ashirin da ɗan wani abu, shinge biyu, rabin awa muka yi. Yohanna ya so ya raka ni, na ce a'a, wannan ni kaɗai zan yi ta.

Gidan Gwaggo ba ya buƙatar kwatance, hanci ke kai mutum. Daddawa take yi tun kafin a haife ni, har yanzu da ta haura saba'in ba ta bari ba. Na tarar da ita a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunne, ta buɗe wani kwando da aka lulluɓe da buhu kwana uku, kalwar ta yi laushi tana yauƙi, matar ɗanta tana jiran ta da turmi. Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Lawali? Kai ne haka?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ƙara tambaya ba, ta sa aka dama mini fura da nono, ta tsare ni da ido sai da na sha rabin kwanon. Sannan na gaya mata komai, tun daga ƙarshen sanyi har ɗakin likita, na ƙare da tambayar da aka aiko ni da ita.

Ta daɗe tana goge hannunta da gefen zane. Ta ce wa matar ɗanta ta je ta dubo awaki. Da muka rage mu biyu ta ce, "Ubanka Umaru ya yi wanga ciwo."

Na ce, "Baba?"

"Shi hwa. Kana goye lokacin. Damina ta kama, kowa ya tahi gona, shi ya shiga ɗaki ya juya ma bango huska. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. In an yi mashi magana sai hawaye. Munka ɗauko shi daga Tsahe munka kawo shi nan gidan, ga ɗakin can na ƙurya. Mutane anka ce masu ya tahi fatauci."

Ta ce 'yan'uwansa ne suka nome masa gona a shekarar. Ita kuma kullum takan kai masa kunu ta zauna a bakin ƙofa tana tsinar kalwa tana ba shi labarin gari, ko ya amsa ko bai amsa ba. Kusan shekara aka yi a haka. Wata safiya ta fito ta tarar da shi a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Abin ya sake dawo masa sau biyu a rayuwarsa, amma bai kai na farko ba.

Ni Baban da na sani shi ne mutumin da ake kira in rigima ta tashi a unguwa, mai faɗa a ji, mai ba'a da yara. Duk watannin da na yi kwance, abin da ya fi cin raina shi ne in tuna ɗan wane ne ni, in ce da yana raye da wane ido zai dube ni.

Na ce, "Gwaggo, me ya hana a gaya mini?"

"Wa za shi gaya ma yaro? Kuma shi da kanshi ya ce kar a hwaɗi. Mu ba mu san sunan abin ba, kwanciyar Umaru muka ce mashi. Da akwai likitan da za shi ce muna ciwo ne, ga magani, da bai yi shekara ba a ɗakin can." Ta nuna ni da yatsa. "Kai ka samu. Ka sha."

Na roƙe ta in ga ɗakin. Yanzu buhunan kalwa ake ajiyewa a ciki. Ƙarami ne, taga ɗaya can sama. Na tsaya a tsakiyarsa na yi wa Baba addu'a, irin wadda ban taɓa yi masa ba, domin da can ina roƙa wa wani gwarzo ne da ban kai ƙafarsa ba, yau kuwa ina roƙa wa mutumin da na san abin da ya ji.

Da na fito an fara daka. Don in sauya zance na gaya mata abin da Yohanna ya faɗa mini a gida, cewa mutanen Japan ma suna da tasu daddawar, ta waken suya, suna rufe shi ya yi yauƙi da wari su ci da shinkafa. Ta tsai da aikinta ta ce, "Ashe su ma sun waye." Matar ɗanta ta yi dariya har taɓarya ta kusa suɓuce mata.

Bayan la'asar na taka zuwa bakin gulbi kamar yadda likita ta ce. Ruwa ya cika ya yi ja, masu lambu suna ta kai da kawo. Minti ashirin aka ce, na yi arba'in ban sani ba. Da na dawo aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa. Ban cinye ba, amma na ci abin da za a kira ci. A ɗakin baƙi na zaure na kwana.

Da safe ta ƙulle mini daddawa cikin leda, mai yawa. Na ce, "Gwaggo, likita fa ta ce wannan ba magani ba ce."

Ta ce, "Ni na ce maka magani ce? Ta miya ce. Ka kai ma Balkisu."

Alhamis: komawa gida

Ƙarfe takwas na bar Bungudu, tara saura ashirin ina Gusau. Na biya wurin Yohanna na karɓi sakamakon gwajin da ya rage, ba a sami komai ba. Na ba shi labarin Baba a tsaye a bakin ƙofar ɗakin awonsa, na kuma ba shi haƙuri kan maganar da na gaya masa ranar Litinin. Ya ce bai ji ta ba, kunnensa ɗaya ba ya aiki ranar Litinin. Na raba daddawar biyu na ce ya kai wa Rahila.

Sha ɗaya da rabi motar Tsafe ta cika. Ruwa ya kama mu a hanya, direba ya rage gudu, ba mu iso ba sai ɗaya saura minti goma. Balkisu tana wanki na yi sallama. Na zaunar da ita na gaya mata duka, har abin da na faɗa wa likita wanda ban taɓa gaya mata ba. Ta yi kuka, sannan ta tashi ta karɓi ƙwayoyin ta ce a hannunta za su zauna, ita za ta riƙa ba ni.

Bayan la'asar ina fitowa daga masallaci maƙwabcina Malam Sani, mai shagon hatsi, ya tare ni. Ya ce, "Malam Lawali, an dawo lafiya? Ya olsar, da sauƙi?" Ashe abin da Balkisu take gaya wa masu tambaya ke nan duk tsawon lokacin, don ta rufa mini asiri. Da in ce da sauƙi in wuce, ba abin da zai fi haka sauƙi.

Na ce, "Ba olsa ba ce, Malam Sani. Ciwon damuwa ne. Na ga likita a Gusau, ta ɗora ni kan magani."

 Ya bari sauran masallata suka yi nisa, sannan ya matso ya rage murya.

"Wace rana likitar take zama?"

Na ce Talata.

Ya ce, "Ƙanena ne. Tun bayan sallah ƙarama bai fito ba. Mun ce wa mutane basir ne."

Na ce masa nan da mako biyu zan koma, in ƙanen nasa ya yarda mu tafi tare, ni zan zauna kusa da shi a mota.

Yau da nake rubuta wannan mako bakwai ke nan da dawowata. Ban warke sarai ba, akwai ranakun da nauyin ke dawowa, amma yanzu na san sunansa kuma na san yana wucewa. Na koma aiki kwana uku a mako. Ƙanen Malam Sani ya bi ni sau biyu, ran nan har shi ya riga ni zuwa tasha.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Yohanna da Rahila, da likitar da ta yi mini tambayar da kowa ya ji tsoron yi, da Gwaggo Hassi da ta karya alkawarin shekara arba'in da wani abu saboda ni. Su kuma mutanen Japan ɗin nan da suka yarda aka duba cikinsu, ba su san akwai wani gari Tsafe ba, amma Allah ya ba masu wannan ciwo daga cikinsu lafiya, su da namu baki ɗaya.